Safiyar da Muryarsu ta Ɓace a Bayan Wata

Assalamu alaikum Malama, sannunki da aiki. Sunana Garba, tsohon ma'aikacin jirgin ruwa. Shirinku kan mutanen da suka fara zagaya wata ya tuna mini wata safiya a Salvador ta ƙasar Brazil.

Jirginmu ya lalace, sai na kama ɗaki a unguwar Itapagipe wurin wata tsohuwa, Iya Benta, jikar wani Bahaushe da aka kai can bauta. Muna sauraren rediyo aka ce kumbon mutanen nan ya shiga bayan wata, magana ta yanke, kuma in injin ya ƙi, ba su ba dawowa. Tsohuwa ta damƙe hannuna tana kuka, ta ce, "Ɗana, haka aka saka kakana a jirgi, mahaifiyarsa ba ta sake jin muryarsa ba." Na tuno tawa mahaifiyar a Gumel, ko addu'a na kasa.

Da muryarsu ta dawo, maƙwabta suka ɓarke da sowa, ita kuwa ta ƙi sakin hannuna.

Jama'a, sunan kakan nata Baƙo, mutumin Zazzau. In akwai gidan da aka jira wani Baƙo bai dawo ba, ku sani ya rayu, har ya bar zuri'a.