Jirgi na Bakwai, Mai Wurin Zama Biyu

Assalamu alaikum. Ranka shi daɗe uban ƙasa, shugaban wanga taro. Bature mai duba iyaka. Malamai da limamai. Fatake da makiyaya. Jama'ar Illela da Amarawa da Tozai, ina gaishe ku gaisuwar girma. Ni ne Maccido masassaƙi, wanda turminai ke cikin gidajenku. Na gode da anka ba mai gizago wurin magana.

Da fari, ga aikin da anka sa ni. Tun da yaƙin Turawa yas sa anka rufe hanyar Ƙonni ta ƙetaren iyaka, anka ce in sassaƙa jiragen sama na yaƙi shida da icce, don masu tsaron iyaka su san na wanga ɓangare, su san na wancan. Nid dubi hoto, nis sassaƙa, niz zuba duk ado ga bayansu. Jaɓɓo makiyayi yaz zo, yaj juya guda, yac ce: "Maccido, kai bisa kake kwana? Mu cikin jirgi muka gani, ba bayanai ba!" Kasuwa duk ta yi mani dariya, kuma da gaskiyatai. Nis sake su tun daga tushe, nim mai da alamun ga ciki.

Na biyu, ku san waɗanga jirage suna da tarihi awa zuri'a. Mukhtari ɗan garinmu, da yay yi wankinsu a filin jirgin Kano, shi yab ba ni labarin rundunarsu. Yac ce cikin akwati suka zowa ta teku, a ɗinke su bakin ruwa, su taso shida shida, babba guda gaba shina ja masu gora har Masar. Yac ce su goma sha biyu ne farko, masu zanen zakara ga hanci, kuma duk wanda bai komo ba, ba a ba wani wurin tsayuwatai sai bayan kwana ukku. Tun rannan, in ina sassaƙa, sai in ga kaina can bisa. In ga gero ya zama tabarma, in ga shanun Jaɓɓo awa tsaba, in ga Illela da Ƙonni sun matso har hayaƙin girkinsu ya gamu.

Na ukku shi ne roƙona, kuma shi yat tsai da ni gabanku. Innata Hadijatu tana Ƙonni. Ta tahi jinyar ƙanwata Lubabatu da niyyar kwana goma, anka rufe hanya bayanta. Damana biyu ke nan. Idonta ya tahi, ƙahwarta ta yi nauyi, kuma mai kawo labari ya ce abinci ma kaɗan taka taɓawa yanzu. Ta aiko mani da tambaya guda: "Mi ne wanga abu da ka ruri bisa kaina? An ce kai ka yin su. Kawo in shafa in ji, in akwai wurin da tsohuwa za ta zauna."

Ranka shi daɗe, an ce jirgin icce ko guda kada shi ƙetare iyaka, don asirin yaƙi ne. To ga shida nan, na miƙa su cikakku. Amma ga na bakwai, na iccen aduwa, wanda nis sassaƙa da lokacina. Ba shi da zakara, ba shi da bindiga, ba shi da alamar kowa. Jirgin yaƙi wurin mutum guda gare shi. Ku duba da kyau, wanga na fafe mashi wurin zama biyu. Babu rundunar da za ta ce nata ne.

Wuni guda nika roƙo. In tahi da hantsi, in aza mata shi ga hannu, in kama yatsanta in sa cikin gurbin baya, in ce: "Inna, nan ne naki." Wallahi ina tsoron kada hanya ta buɗe bayan ba wanda zan kai wa.

Allah shi ja zamanin uban ƙasa, shi kashe wutar wanga yaƙi, shi mai da kowane matahiyi ga uwatai tana da rai, har waɗanda ke bisa. Na gode.