Yankin Gwangwani a Jikin Makullin Babur

'Yan'uwa, ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Yabo ga Ubangiji! Ban ji ku ba, ko ba ku karya ba ne? Yabo ga Ubangiji! Yauwa.

Ga baƙin da ba su san ni ba, sunana Ishaya. A Kura in ka ce Ishaya Afareta, kowa zai nuna maka gidana. Matata Saratu ga ta can cikin mata, ta sunkuyar da kai don ta san abin da zan faɗa.

Ku dubi abin da ke hannuna. Yankin gwangwanin madara ne, bai kai tsawon yatsa ba. In ka yar da shi a hanya ba mai sunkuyawa ya ɗauka. Amma irin wannan abu ne ya raba wani bawan Allah da abincinsa, ni kuma ya kusa raba ni da Ubangijina.

Aikina tuƙa injin casar shinkafa ne. Mata su turara shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, su shanya, su kawo mana, mu zuba a inji ya cire ɓuntu ya fito da tsaba. A cikin injin akwai wani ƙarfe da muke kira wuƙa. In wuƙar ta zauna daidai, shinkafa ta fito doguwa fes. In tana rawa, sai ta fito a karye, kuma kowa a nan ya san karyayya ba ta da daraja a kasuwa.

Idan inji ya kwana biyu, mazaunin wuƙar yakan cinye. Ko ka sa sabuwa, haka za ta yi ta rawa. Ni kuwa Allah ya ba ni dabara: in yanki gwangwani siriri in cusa a bayanta, sai ta tsaya cak. Shi ke nan sirrin, ba asiri ba boko.

Amma ban taɓa barin kowa ya gani ba. Kun san yaushe nake yi? Lokacin sallar azahar. Abokan aikina duk Musulmi ne, da an kira salla sai a kashe inji su tafi masallaci, a bar ni ni kaɗai don an amince da ni. Su suna can gaban Allah, ni ina bayan inji da sifana.

To, a shekarun nan da wayar hannu ta fara shigo mana, kun ga yadda injuna suka yi ta tsirowa a bakin titi. Duk wanda noman rani ya karɓe shi sai ya shiga Kano ya ɗauko inji. Sai dai inji ake samu a kanti, hannun da zai tuƙa shi ba a kanti yake ba. Masu injuna suka shiga farautar afareta, mu da muka iya kuma ba mu da yawa.

Sai ka ji sallama a ƙofar gida. “Alhaji yana gaishe ka, ya ce a kawo wa uwargida wannan turmin atamfa.” Gobe wani ya aiko da buhu. Jibi wanda bai taɓa amsa gaisuwata ba ya tsayar da mota ya ce, “Ishaya, nawa yake ba ka? Zan ɗora.” 'Yan'uwa, kaina ya kumbura har hulata ta kasa zama!

A nan Shaiɗan ya shigo. Da na tashi barin wurin farko, sai na ji wata murya a zuciyata: in ka bar gwangwanin nan a ciki, wanda zai gaje ka zai fitar da shinkafa kamar taka, wa zai tuna da kai? Ran da zan tafi, aka kira azahar, na kwance, na zare shi, na ɗaure inji.

Kwana uku, magana ta cika gari: “Tun da Ishaya ya tafi, injin nan ya lalace.”

Ni ban taɓa shan giya ba, amma wannan magana ita ce giyata. In na ji ta sai in ji daɗi har cikin ƙashina. Wuri na biyu ma haka na yi, wanda ya ja ni da wayar hannu. Kowace tafiya, darajata ta ƙara hawa.

Wuri na uku shi ne na Alhaji Garba. Mutumin nan bai taɓa cewa in yi aiki ran Lahadi ba. Da naƙuda ta tsananta wa Saratu, shi da kansa ya tuƙa motarsa ya kai ta asibiti. A wurinsa akwai mataimakina, Malam Sabo, ya girme ni nesa ba kusa ba, yana da 'ya'ya shida. Shekara da shekaru yana tsaye kusa da inji yana kallon hannuna, yana fatan wata rana ya riƙe.

Sai wani sabon mai inji ya aiko mini da babur. Sabo fil, da ledarsa! Na je na gaya wa Alhaji Garba zan tafi. Ya ce, “Ba komai, Ishaya, kowa da rabonsa. Allah ya sa albarka. Malam Sabo zai riƙe.”

Malam Sabo ya riƙe hannuna yana murna, ya ce, “Oga, ka sa mini albarka.” Na ce Allah ya taimaka. Aka kira azahar, ya tafi salla, na zare gwangwanin.

Kun san abin da na yi da gwangwanayen nan uku? Na huda su na rataye a jikin makullin babur ɗina, kamar maharbi da wutsiyar abin da ya harbo.

Shinkafa ta fara karyewa a hannun Malam Sabo. Aka canja wuƙa, aka canja raga, aka ɗauko makanike daga Kano, a banza. Mata suka fara kwashe buhunansu suna kawowa wurina. Ƙarshe Alhaji Garba ya sauke shi daga kan inji, ya nemo wani. Malam Sabo kuma kunya ta hana shi zama, ya koma dako.

Rannan ina kan sabon injina, sai ga dattijon nan ya shigo da buhu a baya, yana haki. Ya sauke a gabana, ya share zufa, ya ce, “Sannu da aiki, Oga. Ka ga, ashe abin a hannu yake. Nawa hannun ba shi da sa'a.” Na ce, “Sai haƙuri, Malam.” Haka na ce! Kuma ran nan na ci tuwo na ƙoshi.

Amma Allah ba ya barci.

Wata Lahadi, a nan ɗakin, lokacin roƙon addu'a, Inna Talatu ta miƙe. Ga ta can zaune, ta ba ni izini in faɗa. Gwauruwa ce, da turara shinkafa take ciyar da jikokinta. Ta ce ta kai duk abin da ta turara injin Alhaji Garba, don nan ta saba kuma nan ne kusa da ita, ya fito mata kamar tsaki. Ta ce, “Ku roƙa mini Allah ya nuna abin da ke damun injin nan, don ba ni kaɗai yake cuta ba.”

Fasto ya waiwaya, ya ce, “Ai muna da masanin inji a cikinmu. Ɗan'uwa Ishaya, kai za ka yi mana wannan addu'a.”

Na miƙe. Da miƙewata makullin ya motsa a aljihuna, gwangwanayen suka yi ƙara. Ƙara ce ƙarama, ba wanda ya ji, amma ni a kunnena ta fi ƙararrawar majami'a.

Na ce, “Ya Uba.” Sai bakina ya ƙulle. Ni da nake addu'a har yara su yi gyangyaɗi! Na sake cewa, “Ya Uba.” Ba abin da ya biyo baya. Ta yaya zan roƙi Allah ya nuna abin da ke cikin aljihuna? Da ƙyar na ce, “Ubangiji, kai ka san inda cutar take.” Kuka ce Amin da ƙarfi. Wasunku har suka ce addu'ar gajeriya ce amma da nauyi. Ba ku san wane nauyi ba.

Muna isa gida na ajiye makullin a gaban Saratu, na gaya mata komai. Ta ɗaga shi ta duba. Sannan ta ce, “Baban Rahila, ashe duk wannan yawo da muke yi, ba babur muke hawa ba, bayan Malam Sabo muke hawa.”

Wannan magana ta karya ni. Na faɗi a gwiwata a tsakar gida da rana tsaka, na yi kuka kamar yaro. Na ce, “Yesu, na yi sata ba tare da na shiga ɗakin kowa ba. Ka gafarta mini. Ka cire mini wannan ƙishirwa ta son a neme ni.” Kuma Ruhu ya nuna mini a fili cewa kuka a tsakar gida ba zai gyara inji ba, sai na je.

Na ji tsoro, ba zan ɓoye muku ba. A garin nan sunana shi ne gonata. Mu masu bi kaɗan ne, kuma an san mu da riƙon amana. In na faɗa, wa zai sake ba ni inji? Me za a ce game da masu bi? Saratu ta ce, “Abin da za a ce, ai ka riga ka aikata shi. Ka je. In an kore ka, na iya turara shinkafa, ba za mu mutu ba.”

Ran Litinin na nemo Malam Sabo a wurin dako, na roƙe shi ya bi ni. Muka isa injin Alhaji Garba daidai ana kiran azahar. Inji a kashe, ba kowa. A karon farko a rayuwata na zauna a waje kan buhu, na jira su dawo.

Da suka dawo, na ce, “Alhaji, ranka ya daɗe, ina so kowa ya matso.” Na kwance injin a gaban idonsu. Na nuna musu inda mazaunin ya cinye. Na ciro gwangwanin daga makulli, na ce, “Wannan na injin nan ne. Ni na zare shi ran da na tafi, don a ce ba wanda ya iya sai ni. Na ci amanarka, na ci amanar Malam Sabo.”

Ban sa da hannuna ba. Na miƙa wa Malam Sabo, na nuna masa, ya cusa, ya ɗaure. Aka tada inji, aka zuba. Shinkafa ta fito doguwa fes.

Malam Sabo ya tara hannu ya ɗebo. Bai dube ni ba, tafin hannunsa yake kallo. Ya ce, “Ashe ba hannuna ba ne. Wata biyu ina zagin hannun nan.” Hawaye suka zubo masa har gemu. Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Alhaji Garba ya ce, “Ishaya, da babur ka ce kana so, da na saya maka. Na yafe maka don Allah. Amma makullin injina ba zai sake shiga hannunka ba.” Na ce, “Ka yi daidai, ranka ya daɗe.”

Kafin la'asar labari ya zagaye Kura. Mai babur ya aiko a karɓi babur ɗinsa, ya ce in huta. Na taka da ƙafa na je sauran wurare biyun, na mayar wa kowa nasa, na nuna wa kowa yadda ake yi. Wani ya zage ni, kuma na cancanta. Waya ta yi tsit, ba turmi, ba buhu, ba “Alhaji yana gaishe ka.” Na koma dashe a gonakin mutane wajen Bunkure, cikin taɓo har gwiwa. Inna Talatu kuwa da na durƙusa mata, cewa ta yi, “Na yafe, amma itacen turarawata na bana a kanka yake.” Na yi mata dakon itace har damina ta faɗi, ku tambaye ta!

Wahala na sha, amma ban taɓa cewa da na sani ba. Barcin da na yi a watannin nan ban taɓa yin irinsa ba.

Yanzu ku ji aikin Allah. Malam Sabo ya koma kan inji, hannunsa ya yi kyau har ya fi nawa. Sai masu injuna suka koma kansa. Manzo bayan manzo, har da wancan babur ɗin nawa aka kai masa. Alhaji Garba ya ji tsoro zai rasa shi, ya kira shi ya ce, “Malam Sabo, faɗi abin da kake so, kada ka tafi.”

Shi Alhaji da bakinsa ya ba ni labari. Ya ce Malam Sabo ya ce, “Ba na son babur, Alhaji, ƙafata lafiya lau. Ka dawo mini da Ishaya ya zama mataimakina. Mutumin da ya tona kansa ba wanda ya kama shi, irinsa nake so a kusa da inji.”

Halleluya! Yau ni ne mai zuba shanshera da share ɓuntu a ƙarƙashin Malam Sabo. Shi ne Oga. Makulli yana aljihun Alhaji, kamar yadda ya faɗa, kuma ba na nema. Duk wanda ya zo koyo, ranar farko nake yanka masa gwangwani irin wannan in nuna masa, na ƙudura haka zan yi har in mutu.

Amma kullum in aka kira azahar, Malam Sabo yakan ajiye sifana, ya naɗe hannun riga, ya ce, “Ishaya, ga inji nan, sai na dawo.” Su tafi duka, su bar ni ni kaɗai da shi.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in akwai abin da ke ƙara a aljihunka wanda kai kaɗai kake ji, kada ka jira a sa ka addu'a a gaban jama'a. Ka kai shi inda ka ɗauko shi. Za ka yi asara, ni ma na yi, amma Yesu ba ya barin wanda ya dogara gare shi a cikin taɓo. Ina gode masa da ya rufe mini baki ran nan, ina gode masa da ya buɗe shi yau. Ɗaukaka ta tabbata ga sunansa. Amin.