Wanda Ya Ba Sale Gora Ya Aiko Mini

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Nasiru ne daga Rano.

Na tashi a bayan kasuwa, unguwar da ba a tunawa da ita sai zaɓe ya zo. Muna aji biyar na sakandare wani ɗan siyasa ya raba wa samarinmu gora da ƙwaya don yi masa bangar siyasa. Abokina Sale, wanda ya fi ni lissafi, ya karɓa. Yau a bola yake wuni, ba ya gane kowa.

Wata bakwai ke nan da gama bautar ƙasata, babu aiki. Jiya ɗan siyasar nan ya aiko mini: "Ɗana, zo ka riƙe mini samarin unguwarku."

Babana ya ce in je. Masu sauraro, ku ba ni shawara. Katangarmu ɗaya da mahaifiyar Sale, da wane ido zan gaishe ta?