Kwamfuta Ta Warke, Muryar Baba Ta Tafi

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Sani ne, ma'aikacin masaƙa a Sharada.

Maƙwabta sun yi ta soka filas a kwamfutar gidana har bairos ya cika ta. Na kai wa yayan matata, mai gyara a Bompai. Na ce, "Yaya, a cire bairos ɗin kawai, muryar marigayi Baba na ciki."

Ya ce, "Wannan ɓata lokaci ne."

Kafin in taso daga aiki ya goge komai, ya zuba sabon tsari. Wai, "Ga ta nan, sabuwa fil!" Suruki ne, wallahi har godiya na yi masa don kunya.

Inna kuwa duk Juma'a sai ta ce in kunna mata muryar mijinta. Jama'a, me zan ce mata?