Tsamiyar Gidan Hajiya

Ina gaishe ku 'yan'uwa cikin sunan Yesu Almasihu. Sunana Bawa. Kun saba ganina a kujerar dattawa, amma akwai abin da na ɓoye muku, wanda da ana mayar da shekaru baya da na gyara. Na daɗe ina yabon Ubangiji da baki, alhali zuciyata tana tsoron itace.

Aikin lambu nake yi a wani gida a Nassarawa GRA tun kaina bai yi furfura ba. A bayan gidan akwai tsohuwar tsamiya wadda ta girmi ginin kansa. Inuwarta ta hana komai fitowa, saiwarta kuma ta tsaga katanga. Hajiya, uwar gidan, ta sha cewa a sare ta a sami fili. Kullum sai in kawo dalili: yanzu tana fure, bari ta yi 'ya'ya, bari a tsinke.

Gaskiyar ita ce, a ƙauyenmu na tashi ina jin cewa tsamiya tana da masu gida, wato iskokin da ke zaune a cikinta. Na yi baftisma, na yi aure a coci, amma duk safiya in zan share ƙarƙashinta sai na ce ƙasa-ƙasa, "Gafara dai, masu gida."

Wata rana ƙotar fartanyata ta bugi gindinta, sai na ji ta yi amo kamar ganga. Gara ta cinye cikinta. A ƙarƙashinta kuwa jikokin Hajiya suke wasa in sun dawo daga Islamiyya, ga damina tana matsowa da iskarta. Na san in na faɗa ni za a aika in kirawo masu sara, hannuna ya shiga ciki. Sai na yi shiru, na koma korar yaran ba tare da na ce don me ba.

Da ƙaramar cikinsu ta shiga gida da kuka, Hajiya ta fito.

"Baba, me yaran nan suka yi maka kake korarsu kamar kaji? In itacen ne ba ka so su raɓa, ai na ce a sare."

Bakina ya suɓuce na ce, "Hajiya, masu gida ba za su yarda ba."

"Waɗanne masu gida? Alhaji da kansa ya gaji da ita. In akwai wani mai gidan da ban sani ba, ya zo ya gyara mini katangata."

Ta koma ciki tana dariya. Malam Sule maigadi kuwa ya gane abin da nake nufi. Ya ce, "Haba Baba Bawa, kai da kake ɗaukar babban littafi zuwa coci duk Lahadi?"

Kunya ta rufe ni. Na shiga ɗakin kayan aiki da tsakar rana, na durƙusa tsakanin buhunan taki. Na ce, Ya Yesu, na raba maka zuciyata da itace. Ka gafarta mini. Kada yaran nan su biya tsorona. Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar matata.

Ba zan ce tsoron ya tafi nan take ba. Amma na tashi na je ƙofar Hajiya, na faɗa mata komai.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun lokacin sanyi."

Ta kalli tsamiyar. Ta ce, "Allah ya tsare. Baba, da ka faɗa." Iyakar abin da ta ce ke nan, kuma ya fi mini zagi ciwo.

Ni na kirawo masu inji. Babbansu ya ja ni gefe ya ce, "Baba, irin wannan wasu sukan ba da farin zakara tukuna." Na ce masa na riga na yi addu'a, ya hau. Suka fara daga sama, suna ɗaure kowane reshe suna sauke shi a hankali, ni kuma na riƙe igiya. Da gindin ya kwanta muka leƙa. Ɓawo ne kawai ya rage, kaurinsa bai wuce tafin hannu ba. Iska ɗaya mai ƙarfi ta ishe ta.

Ga ni a gabanku lafiya lau, ko ciwon kai ban yi ba. Yabo ya tabbata ga Ubangiji! Rana tana shiga wurin yanzu. Na shuka tumatir da lemon tsami, Malam Sule har ya fara rigimar rabonsa.

Na gode wa Allah da ya cece ni, ya kuma tsare 'ya'yan mutane. Roƙona gare ku, musamman mu tsofaffi da muka shigo bangaskiya da guntun tsoro a aljihu: kada ku yi irin nawa. Ku fito da shi, ku kai wa Yesu, ku dogara gare shi. Ni na ɗauka tsorona ni kaɗai ya shafa, ashe yara ne suke wasa a ƙarƙashinsa.