Rabin Darasi Nake Samu

Assalamu alaikum, Malam mai karanta mana wasiƙu, da fatan kana lafiya. Ni ce Hadiza, daga wani ƙauye kusa da Bande.

Ƴata Rabi tana koleji. Bana malaminsu na Ingilishi ya juya karatun. Yakan ɗauki bayanin nahawu da muryarsa ya turo ta wayar salula, yara su saurara a gida, kashegari su yi aikin a aji tare da shi. Salula ɗaya ce a gidanmu, tawa ce. Sai Rabi ta jingina ta da turmi, mu kunna muna ɓarar gyaɗa.

Ni ban taɓa shiga lakwal ba, wato makarantar boko. Amma muryar nan ta yi ta maimaita yadda ake faɗin abin da ya wuce da abin da zai zo, har ta zauna mini a kai. Hannuna yana cikin gyaɗa, hankalina kuwa ya yi nisa. Sai in gan ni bisa benci da sabon littafi, ina ɗaga hannu.

Ran nan Rabi ta kakare a wata tambaya ta darasin, sai kawai na ji bakina ya ba ta amsa. Ta saki baki tana kallona, ta ce, "Inna, wallahi daidai ne. Gobe ki zo mu tafi tare."

Na yi dariya. Amma da safe sai da na raka ta bakin hanya, na tsaya har ta ɓace mini.

Malam, ku ba ni shawara. Rabin darasin yana zuwa gidana, rabin yana can aji. Mace mai ƴaƴa shida in ta yi sallama a ƙofar ajin nan, za a matsa mata ta zauna?