Wayar da ta ƙi sanin hannuna

Salamu alaikum Malama mai gabatarwa, barkanku da aiki. Sunana Habibu daga Zawaciki, ina aikin jima a wani kamfanin fata a Challawa. Na ji kun ce kamfanin wayar nan da kasuwa ta juya wa baya yana tambayar abin da muke so a sabuwar wayarsa. To, su buɗe kunne.

Ranar Talata inji ya kama hannun abokin aikina, Malam Sani. Na zaro wayata, wadda ta kamfanin nan ce, don in kira direbanmu, ta ƙi buɗewa, saboda ruwan jima ya cinye zanen yatsana. Na koma danna lambobi, gilashin ya ƙi jin jiƙaƙƙen hannu. Mutum yana zubar da jini, ni ina ta goga hannu a wando kamar mahaukaci! Tsohuwar wayar maigadi mai madannai ce ta cece mu.

Amma kullum tallar kyamara huɗu suke mana. Hoton jinin zan ɗauka? Su sa mana madannin kira na gaske, in ba haka ba wallahi ko kyauta ba na so.

Ina gaida Malam Sani da ke asibiti. Yatsu biyu sun tafi, Allah ya ba shi lafiya.